Na'Allah da Wasan Su a Busasshen Tafki

Duk wanda ya taɓa kwana a Tungar Yari, wani ɗan gari da ke tsakanin Gangara da Sabon Birni, ya san Na'Allah ko da bai gan shi ba, domin muryarsa tana riga shi isa ko'ina. Dogo ne siriri, da ɗan gemu kamar na bunsuru, kuma ba ya rabuwa da wata baƙar laima, ko a rana ko a inuwa. Ya taɓa yin 'yan watanni a Maraɗi yana tsaron shagon wani mai sayar da katifa, to tun da ya dawo babu abin da bai iya ba a duniya. Rediyo ta lalace, ya iya. Jaki ya kumbura, ya iya. Ko mace ce ke naƙuda, sai an sa wani ya tsare ƙofa don kada ya aiko da shawara.

Garin yana da abu guda da yake tinƙaho da shi, wato wasan su. Kowace shekara in an gama kaka, sai a sa rana a faɗa tafkin bayan gari a kama kifi. Ba gwamnati ke shirya shi ba, mutanen gari ne da kansu. Samari su share fili, mata su yi girki, makaɗa su kaɗa, ba mai neman lada. Baƙi kuwa daga Gangara, daga Kamarawa, har daga Isa suke zuwa.

Sai ga shekarun fari. Damina ta yi rowa, ta sake yin rowa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, tafki ya ƙafe ya tsattsage kamar dugadugan manomi. Da lokacin wasa ya matso, Maigari ya tara mutane a ƙofar gidansa. Wakili, dattijon da ke magana da yawunsa, ya gyara murya.

“Jama'a, bana dai sai haƙuri. Ba ruwa, ba kifi, ba wasa.”

Kowa ya sunkuyar da kai. Sai aka ji an buga laima a ƙasa.

“Allah ya ba ka nasara, a dakata!” in ji Na'Allah. “Wa yac ce ba a yin su sai da tafki?”

“Kifi yac ce,” in ji Kalilu tela, abokinsa tun na yarinta.

Na'Allah bai ko dube shi ba. “A Maraɗi na ga gidan wani Nasara. Rami anka gina, anka zuba ruwa, mutane na iyo ciki awa agwagi. Abin da Nasara ya yi, Bagobiri bai kasa shi. Ku ba ni hannuwa, ni za ni kawo ruwa, za ni kawo kifi. Can ko sunana ba a kira gatsau, Mushe Na'Allah ake ce min.”

“Mushe kuma?” Wakili ya ce. “Bana mun ga mushe har mun gaji. Kowace hanya ka bi akwai na saniya. Kada ka ƙara muna.”

“Da Faransanci, Baba Wakili, mushe babban mutum na.”

“Ungulu ma haka take ɗaukarsa.”

Aka kwashe da dariya. Maigari ya ɗaga kai ya dubi mutanensa, domin rabon da ya ji an yi dariya a ƙofar gidan nan ya manta. Samari kullum sai sulalewa suke yi zuwa kudu neman abinci, waɗanda suka rage kuwa fuskokinsu kamar an aiko musu da mutuwa. Ga kuma wata magana da ke ci masa rai. Amiru, Sarkin Ruwan Kamarawa, ya faɗa a tsakiyar kasuwar Isa cewa mutanen Tungar Yari su kawo homarsu, wato ragar kama kifi, ya saya ya riƙa rufe 'yan tsaki da ita.

“Ruwan hwa, daga ina?” Maigari ya tambaya.

“Rijiyar zartsi, ranka ya daɗe. Ba mai shan ta don gishiri, ga ta nan cike tana zaman banza.”

Maigari ya shafa gemu. “To, a gwada. Kowa ya ba da abin da ya iya.”

Kafin a tashi Na'Allah ya naɗa kansa shugaban aiki, ya kuma aika har Kamarawa a gaya wa Amiru ya zo da babbar homarsa, kada ya zo da ƙarama ya ji kunya.

Washegari aka yi gayya a tsakiyar busasshen tafki. Samari na haƙa, Na'Allah na tsaye a ƙarƙashin laima yana nuni da baki. Ƙasa ta yi tauri kamar dutse, aiki ba ya sauri.

“Ba haka ake riƙon diga ba! Kawo nan ka gani.”

Ya karɓi diga, ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga ta sama da iyakar ƙarfinsa. Ƙotar ta sauko ita kaɗai. Kan digar kuwa ya yi sama, ya wulwula, ya faɗo tsulum cikin tukunyar kunun da Inna Tani, shugabar matan gari, ta kawo wa ma'aikata. Tukunya ta dare biyu, kunu ya bi tsagar ƙasa.

Inna Tani ta dafe ƙirji. “Na'Allah! Geron ga tafi-tafi munka tara shi gida-gida!”

“Ki yi haƙuri, Inna. Ai an yi sadaka ga ƙasa, aiki zai yi albarka.”

“To matso in yi sadaka da kai, ga muciya a hannuna.”

Bai matso ba. Daga bayan Kalilu ya ƙarasa ba da umarnin ranar.

Da rami ya samu, aka koma ɗiban ruwa. Mata da tuluna, maza da jakuna, tun sanyin safiya har rana ta take tsaka ana kai da komowa tsakanin rijiyar zartsi da rami. Duk tulun da aka juye sai ƙasa ta yi masa kurɓi ɗaya, ta sake buɗe baki. Da Inna Tani ta sauke tulunta na ƙarshe ta leƙa, ba ta ga komai ba sai ɗan danshi da wata ƙadangaruwa tana lasa.

“Ina ruwan da munka zuba?”

“Ya tahi ƙasa kiran 'yan'uwanai,” in ji Na'Allah. “Ruwa ke jan ruwa, haka injiniyoyi ke yi.”

“To ka bi shi ka ce su yi sauri. Wallahi ba mace guda da za ta ƙara ɗaukar tulu sai ka toshe bakin ramin ga.”

Nan Na'Allah ya tuna da tamfol ɗin Alhasan direba, wanda yake rufe kaya da shi a bayan babbar motarsa. Ya je ya yi ta zuba har Alhasan ya gaji ya miƙa masa.

“Amma ka ji,” Alhasan ya ce, “da shi nike ci. In ya yage, da fatarka za ni yi mai faci.”

Aka shimfiɗa tamfol a rami, aka danne gefensa da duwatsu, mata suka sake ɗaukar tuluna suna harararsa. Abin mamaki, ruwa ya zauna. Faɗinsa bai fi masussuka ba, zurfinsa iya gwiwa, amma ruwa ne, yana ƙyalli a tsakiyar fako. Tsofaffi suka riƙa zuwa da sanda suna kallo. Na'Allah kuwa kansa ya kumbura har hula ta yi masa kaɗan. Ya fara cewa in an gama wasa zai duba maganar gina gada.

Matarsa Kadijatu ce ta sauko da shi ƙasa, yana cin tuwo.

“Malam, ruwa dai an gani. Kifin hwa? Shuka shi za ka yi?”

“Ke dai ki tanadi babbar tukunya.”

“Babbar tukunyar garin ga kai ka kashe ta.”

Ana gobe wasa, ya ari keken Kalilu ya nufi kasuwar Sabon Birni. Ya yi sa'a, ya tarar da wani masunci da ya zo da 'yan tarwada masu rai a rabin ganga, daga wani gurbi da bai gama ƙafewa ba a gulbi. Na'Allah ya kwance agogon hannunsa ya ba shi, aka zuba masa tarwada a tulu, ya ɗaure tulu a bayan keke, ya kamo hanya yana waƙa.

Da ma ya yi shiru ya tuƙa kekensa. Amma a tsakiyar hanya sai ya cim ma wasu matan Gangara suna dawowa daga cin kasuwa, ya ga bai kamata su wuce ba su san wanda suka gani ba. Ya saki kan keke, ya buɗe laima da hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan.

“Sannunku! Gobe ku zo ku ga ikon Allah a Tungar Yari!”

Ƙafar keke ta shiga yashi. Keke ya yi gabas, Na'Allah ya yi yamma, tulu ya bugi kututture ya tarwatse. Tarwada suka hau tsalle a kan rairayi. Kafin ya tofar da ƙasar da ke bakinsa, shirwa sun sauko, su ma yunwar bana ba ta bar su ba. Ya bi wannan da laima, waccan ta sure. Ya bi waccan, wata ta sure. Ta ƙarshe har da shi ta yi ja-in-ja, ta bar masa ƙarta a hannu.

“Mun ga ikon Allah tun yau,” in ji ɗaya daga cikin matan. “Goben sai mu huta.”

Ya koma kasuwa a ƙasa yana jan keke. Masunci ya tafi. Babu sauran kifi sai a wurin wata Rahmatu mai sayar da banda, wato kifin da aka lanƙwasa aka soke da tsinke aka gasa da hayaƙi, ita kuma har da gishiri da yaji take barbaɗa wa nata. Na'Allah ya tsaya ya daɗe yana kallon kwandonta. Can sai ya yi murmushi. Ya cire hula da takalma ya ajiye a gabanta, ya ɗauki kwando.

Da la'asar ya iso shagon Kalilu, ba hula, ba takalmi, yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar zakara a kan garwashi. Kalilu ya dubi kekensa, ƙafar gaba ta lanƙwashe.

“Wanga kekena na, ko bakan harbi?”

“Bar maganar keke. Dubi nan.” Ya buɗe kwando.

Kalilu ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa. “Na'Allah, kifin ga ya mutu. An soke shi, an gasa shi, an sa mai yaji. Ko lahira an gama mai hisabi.”

“Kai matsalarka ba ka fita waje ba. Daga nesa wa zai gane? Za mu ɗaura ma kowane ɗan dutse ya nutse, mu ɗaura mai zare. Kai kana bayan zana kana ja, ruwa na motsi. In anka faɗa ruwa, hayaniya ta ɓarke, kowa ya cusa nashi cikin gora, sai gida. Wa ke duba haƙoran kifi ranar wasa?”

Kalilu ya yi tagumi. “Wallahi ba don na yarda ba. Za ni ba da zare, za ni ja, don dai in ga ƙarshen abin ga da idona.”

Ranar wasa gari ya cika. Labari ya zaga cewa Tungar Yari ta yi tafki a shekarar da gulbi kansa ya gaza, don haka har waɗanda ba su taɓa zuwa ba sun zo. Makaɗa suka saki kalangu, mata suka yi ta guɗa, aka shimfiɗa wa Maigari buzu a inuwar rumfa. Can sai ga Amiru da masuntan Kamarawa, ƙarti majiya ƙarfi, kowa da homa a kafaɗa da gora a hammata. Amiru ya tsaya ya duba gabas, ya duba yamma.

“Ina tafkin?”

“Ga shi gabanka,” in ji Na'Allah, wanda ya sha babbar rigar aro har tana jan ƙasa.

“Au! Na ɗauka wurin alwala na.”

“Ƙaramin goro ya fi babban dutse. Ka dai riƙe homarka da kyau, kada kifi ya ja ka.”

Ya yi tari sau biyu, alamar da suka shirya. Kalilu, wanda ke tsugune a bayan zana da zaruruwa ɗaure a yatsunsa duka, ya fara ja. Ruwa ya motsa nan, ya motsa can. Taro ya ɗauki salati. Wata tsohuwa ta fashe da kukan murna. Amiru kansa sai da ya ja da baya ya gyara ɗamara.

“Kun gani?” Na'Allah ya yi ihu. “Wancan da ya motsa giwan ruwa na! A kaɗa musu!”

Ya ɗaga laima, ya sauke. Masuntan Tungar Yari da na Gangara da na Kamarawa suka faɗa ruwan da bai isa wankan jaki biyu ba. Homa ta kama homa, goshi ya gwabza da goshi, wani ya kamo ƙafar wani yana kiran ya yi babban kamu. Zaruruwa suka nannaɗe ƙafafun mutane, mutane suka ja. Sai ganin zana aka yi ta faɗi, Kalilu ya fito daga bayanta a kan cikinsa, hannuwa a miƙe, ana jan sa har bakin ruwa yana kiran, “Ku tsaya! Yatsuna! Da su nike ɗinki!”

Kiɗa ya tsaya. A cikin shirun nan Amiru ya miƙe tsaye, ya zura hannu a homarsa, ya ɗago abin da ya kama. Baƙi ne ƙirin, a lanƙwashe, wutsiya a baki, tsinke ya ratsa shi, ga zare na lilo da ɗan dutse a ƙarshensa. Ya juya shi. Ya sansana. Ya gatsa, ya tauna a hankali.

“Jama'a,” ya ce, “tun ban da gemu nike su, daga nan har gulbin Kwara. Ban taɓa kama kifi da gishirinai da yajinai ba sai yau. Mutanen Tungar Yari, don Allah ku sam muna irin wanga tafki!”

“Zafin rana na bana!” Na'Allah ya ce da ƙarfi. “Har cikin ruwa yake gasa kifi!”

“Tsinken hwa?”

“Ƙaya ta.”

“Zaren?”

“Gemunai na. Ba ka san tarwada na da gemu ba, kai da ke Sarkin Ruwa?”

“Da dutse a ƙarshen gemu?”

“Ado na. Kifin namu ɗan gayu na.”

Dariya ta fara daga baya tana tahowa gaba kamar wutar daji. Amma kafin ta iso rumfar Maigari sai aka ji ƙasa tana rawa. Wani makiyayi ne mai suna Illo ya biyo ta bayan gari da garkensa, za su kudu neman kiwo, shanun sun kwana biyu ba su ga ruwan kirki ba. Iska ta kai musu ƙamshin ruwan zartsi, wanda saniya ke so fiye da komai. Suka ɗaga wutsiya suka yanko a guje, Illo na bayansu da sanda yana ihu.

“Ku kauce! Don Allah ku kauce! Ba su ji!”

Masunta suka watse, kowa ya yar da homa. Makaɗa suka hau bishiya da kalangunsu. Na'Allah kaɗai ya tsaya, ya buɗe laima a gaban garke, ya ɗaga hannu kamar ɗan sandan kan titi.

“Arete! Na ce arete!”

“Ba su jin Faransanci!” Illo ya yi kururuwa.

Wani farin bijimi mai manyan ƙahoni ya zo wucewa, ƙahonsa ya zarge hannun babbar riga, ya ɗauki Na'Allah cak. Ya yi tafiya da shi ƙafafunsa na harbin iska, ya sauke shi daɓas a tsakiyar ruwa, ya sa baki ya hau sha. Sauran shanu suka kewaye shi. Ba a ganin komai sai gindin shanu da laima a sama tana karkarwa. Ana jin muryarsa daga ciki yana cewa, “A bi layi! Ɗaya bayan ɗaya!” Kofatai kuwa sai huda tamfol suke yi, Alhasan direba na gefe ya ɗora hannu a ka yana kiran sunan uwarsa.

Da shanu suka ja baya, babu ɗigon ruwa. Na'Allah na zaune a cikin taɓo, banda ta kewaye shi, wata 'yar maraƙa tana lasar gishirin da ke ƙoƙon kansa.

Nan fa gari ya ɓarke. Wakili ya faɗi a kan buzu yana dukan ƙasa. Maigari ya yi dariya har rawaninsa ya warware, hawaye na bin gemunsa. Mutanen Kamarawa da na Tungar Yari suka riƙa dafa juna don kada su faɗi. Inna Tani ta yi dariya ta gaji, ta share ido, ta ce wa mata, “Ku tsince kifin ga kafin a tattake shi, ba a wasa da abinci bana.” Aka wanke banda, aka zuba a miyar kuka, aka tuƙa tuwon dawar da aka tara. Ba a ƙoshi ba, amma kowa ya taɓa, baƙo da ɗan gari. Makaɗa suka sauko daga bishiya, aka yi rawa har rana ta yi ja. Illo ya zo ya durƙusa gaban Maigari yana ta godiya, ya ce da shanunsa ba su sha ruwan nan ba da wasu ba su kai gulbi ba, ya kuma ba Alhasan ɗan tunkiya don ya huce. Amiru ya ce shekara mai zuwa ko tafki ya cika ko bai cika ba, shi dai a aiko masa.

Kafin a watse Maigari ya sa aka kira Na'Allah. Ya zo taɓo na ɗiga daga gemunsa.

“Na'Allah, ka yi aiki, mun gani. Daga bana, duk ranar wasa ga wurinka nan kusa da ni. Ba ka haƙa, ba ka ɗauka, ba ka aike, ba ka magana. Wakili zai riƙe maka riga har a tashi.”

“Godiya nike, ranka ya daɗe!”

Ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai. Kadijatu na bakin murhu, ta cusa gefen zane a baki don kada ya ji dariyarta.

“Ke, ki yi guɗa. An ba mijinki sarauta.”

“Wace iri, Malam?”

“Zama kusa da Maigari, gaban jama'a duka.”

“Kana yin mi?”

“Ba ni yin komi. Cewa ya yi in zauna in yi shiru, Wakili na riƙe da rigata.” Ya gyara tsayuwa, ya yarfe taɓo daga hannu. “To ke tun da kike, wa kinka taɓa gani ana riƙe ma riga in ba babban mutum ba?”